Mutanen da ke zaune tsakanin attajiri da annoba

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai uzuri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Tun da Bill Gates ya sanar a watan Mayun 2025 cewa gidauniyarsa za ta kashe kusan dala biliyan 200 kafin ta rufe a ƙarshen 2045, sannan Tinubu ya rataya masa lambar CFR a Legas a watan Yuni, muhawarar da nake gani a nan Facebook gida biyu ce kawai. Ga masu sa albarka, ga masu cewa so yake ya rage mu. Ni kuwa a ganina duka ɓangarorin sun zuba wa mutum ɗaya ido, sun bar wani da shi ma wuƙa da nama ke hannunsa. Attajiri yana nuna inda zuciyarsa ta karkata ne, ya sa hannu. Wanda zai zauna ya karanta takardun neman tallafi ɗari, ya ce wannan ɗakin gwaje-gwaje a ba shi, wancan a hana shi, wannan cuta a yaƙe ta bana, waccan ta jira, ma'aikaci ne mai albashi da ba ku taɓa jin sunansa ba. Sana'a ce guda, ana neman ta kamar yadda ake neman aikin banki, kuma ta haura shekara 100 a duniya. Zan kira mai yin ta jami'in rabon tallafi.

Wanda za a iya cewa ya buɗe ƙofar sana'ar shi ma sunansa Gates, sai dai ba su haɗa komai da Bill ba, suna ne ya zo ɗaya. Frederick Gates faston cocin Baptist ne da John D. Rockefeller, attajirin man fetur na Amurka, ya ɗauka don ya raba shi da tulin wasiƙun masu roƙo. A 1897 sai faston nan ya zauna ya karance wani ƙaton littafin likitanci na William Osler, ya gano cewa likitocin zamaninsu sun iya siffanta cututtuka da yawa amma kaɗan ne suke da maganinsu. Daga nan ya shawo kan maigidansa cewa raba sadaka ga majinyata ɗaya bayan ɗaya ba zai kai su ko'ina ba, a zuba kuɗin a binciken tushen cuta. Haka aka samu cibiyar binciken lafiya ta Rockefeller a 1901, sannan gidauniyar kanta a 1913.

Tsakanin waɗannan shekaru akwai abin da zai ba ku dariya, don kamar a gida aka yi shi. A 1909 Rockefeller ya ware dala miliyan 1 don yaƙar wata tsutsar ciki mai shan jini a jihohin kudancin Amurka, wadda ke shiga jikin mutum ta tafin ƙafa idan yana yawo ba takalmi. Da ma'aikata suka fara gaya wa talakawa su riƙa sa takalmi, sai jita-jita ta bazu cewa ai Rockefeller sana'ar takalmi yake shirin shiga, shi ya sa ya ƙirƙiro cutar. Turawan Amurka ne fa waɗannan. To zargin mai kuɗin da ya zo maka da magani kyauta ba a kanmu aka fara ba.

Mutumin da aka ba wannan aiki, Wickliffe Rose, ba likita ba ne, malamin falsafa ne a jami'a. Shi ya kafa ƙa'idojin da har gobe ake aiki da su. A fara ƙirga masu cutar kafin a kashe ko sisi. A zaɓi cutar da ake iya ganin raguwarta a lissafi. Kuma dole hukumar wurin ta sa nata kuɗin, ko da kaɗan ne, don kada aiki ya mutu ranar da gidauniya ta naɗe tabarmarta. Ku riƙe ƙa'ida ta biyun nan, za mu sake haɗuwa da ita a Kano.

Inda labarin ya iso gare mu shi ne zazzaɓin shawara. Bayan an ga yadda William Gorgas ya kakkaɓe cutar daga Havana da Panama ta hanyar yaƙar sauro, sai jami'an Rockefeller suka yanke cewa za su shafe ta daga doron ƙasa. Lissafinsu shi ne cutar tana zaune ne a wasu manyan birane ƙalilan, idan aka tsabtace su shi ke nan. Kuma suna da nasu gwanin, Hideyo Noguchi, ɗan Japan, wanda a 1918 ya je Guayaquil ta ƙasar Ekwado ya ce ya gano ƙwayar bakteriyar da ke haddasa cutar, har ya haɗa rigakafi aka yi ta yi wa mutane. Duka biyun kuskure ne. Amma da yake masu kuɗin ne suka yarda da maganar, kuma su ke biyan mafi yawan masu binciken, an ɗauki shekaru kafin musu ya yi ƙarfi. Wa zai fito ya ƙaryata gwanin gidan da ke ciyar da shi?

A 1925 suka kafa ɗakin gwaje-gwaje a Yaba, Legas, ƙarƙashin Henry Beeuwkes. A 1927 wani likitansu ya ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, wanda shawara ta kama amma ya warke. Aka sa jinin a jikin biran da aka kawo daga Indiya, suka kamu. A nan Adrian Stokes da abokan aikinsa suka nuna cewa abin da ke kawo cutar bairos ne, ba bakteriyar Noguchi ba. Stokes bai ga ƙarshen aikin ba, cutar ta kashe shi a Legas a watan Satumban shekarar. Noguchi ya taho da kansa don ya kare bincikensa, shi ma ta kashe shi a Accra a watan Mayun 1928. Shugaban cibiyar binciken Accra, William Young, ya bi shi bayan 'yan kwanaki. A 1932 kuma aka tabbatar a Birazil cewa cutar tana yawo a daji, nesa da biranen da ake ta sharewa, sai mafarkin shafe ta ya rushe.

Duk da haka, daga ƙwayar jinin Asibin nan ne Max Theiler ya samar da rigakafin da ake kira 17D a 1937, ya samu kyautar Nobel a 1951. Allurar shawarar da ake yi wa maniyyaci kafin a ba shi katin nan mai ruwan ɗorawa, jikanyar wannan ƙwaya ce. Cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba a yau, daga wancan ɗakin gwaje-gwaje ta samo tushe. Wato kuɗin da aka zuba bisa lissafi mara kyau ya haifar da abu mai kyau da ba shi aka nufa ba. Wannan ya sha faruwa a sana'ar, har yana sa wuya a gane jami'in da ya iya aiki da wanda ya taki sa'a.

Akwai kuma ranar da sa'ar ta ƙi. A 1942 aka yi wa sojojin Amurka allurar shawarar da ɗakin gwajin Rockefeller ya haɗa, wadda aka gauraya da ruwan jinin mutane. Ashe akwai ƙwayar ciwon hanta a ciki. Sojoji kusan 50,000 suka kwanta. Babu wanda ya zaɓi waɗanda suka yanke wannan shawara, babu kuma wanda zai iya kayar da su a akwati. Abin da ya fi damuna da sana'ar ke nan tun daga asalinta: jami'in rabon tallafi yana ba da bahasi ne ga na sama da shi, wato hukumar amintattu da mai kuɗin. Wanda allurar za ta shiga jikinsa ba ya cikin ɗakin.

Abu ɗaya da zan yaba musu, suna rubutu. Jami'an Rockefeller suna ajiye littafin abin da suka yi kullum, wa suka gani, me ya ce, ya suka ga hankalinsa, kuma littattafan suna nan a ma'ajiyarsu da ke jihar New York. Mai son sanin yadda ake aikin, ga shi nan. Yawo ne daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, da tambayar masana a bayan idon juna, da rubuta takardar da za ta gamsar da masu sa hannu. Sashen lafiyar duniya na gidauniyar ya rufe a 1951, bayan an kafa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1948, kuma hukumar ta gaji mutanensa da salonsa da yawa.

Mu tsallako zuwa zamanin da muka sani. A 1996 sanƙarau ya kashe mutum kusan 25,000 a yankinmu na Sahel, kuma a cikin wannan annoba ce Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Duk wanda zai yi maganar dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari da allura, ya fara daga nan. A 2001 gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 70 ga ƙungiyar PATH da Hukumar Lafiya ta Duniya don a haɗa rigakafin sanƙarau nau'in A musamman don Afirka. Abin da ya ceci aikin shi ne masu tafiyar da shi sun tambayi jami'an lafiyar ƙasashenmu nawa za su iya saya, aka ce musu in ya wuce rabin dala ba za a iya ba. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su yarda da wannan farashi ba, sai aka tafi wurin Serum Institute na Indiya. A Disambar 2010 aka fara allurar a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta biyo a 2011, kuma nau'in A ya kusan ɓacewa. Tambaya ɗaya tak, nawa za ku iya biya, ita ta raba wannan aiki da tarin waɗanda suka ƙare a takarda. Sai dai nau'in C ya taso, ya yi ɓarna a Yamai a 2015, ya kashe fiye da mutum 1,000 a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. Kuɗin na nau'in A aka ware, cuta kuwa ba ta karanta takardar yarjejeniya.

Shan inna kuwa kowa ya san labarinsa. Kano ta dakatar da ɗigon a 2003, ta dawo a 2004, aka harbe masu ɗigo tara a Kano a Fabrairun 2013, aka ga na ƙarshe da ya kamu da ainihin cutar a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020. Tambayar da iyayenmu mata suka riƙa yi a lokacin ba ta jahilci ba ce ko kaɗan. Me ya sa wannan ɗigon ke biyo mu har ɗaki sau da yawa a shekara, amma in yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro sai mun sayi magani da kuɗinmu? Amsar ita ce ƙa'idar Rose ta biyu. Shan inna cuta ce da ake iya ƙirgawa har a kai sifili, a kai rahoto gaban masu kuɗi a ce ga shi mun gama. Gyaran asibitin unguwa ba shi da ranar gamawa.

To amma a nan ma sai aka sake tsintar dami a kala. A 2012 aka kafa cibiyar ba da umarnin gaggawa ta shan inna a Abuja da kuɗin gidauniyar Gates. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi barin asibiti, kuma ta rasa ranta a dalilin haka. Mutanen da suka ƙware a bin sawun shan inna su aka kwaso suka kafa irin wannan cibiya a Legas, ƙarƙashin Dakta Faisal Shu'aib. Suka bibiyi mutum kusan 900 da ziyara wajen 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, aka ayyana ƙasar ta fita ranar 20 ga Oktoba. A birnin da ke da mutum miliyoyi fa. Babu takardar tallafin da aka rubuta Ebola a ciki a 2012.

Yanzu ga ɗaya reshen sana'ar, wanda ba a cika maganarsa a wajenmu ba, wato kariya daga cutar da ɗan Adam zai saki da gangan ko ta kuɓuce daga ɗakin gwaji. Ba tatsuniya ba ce. A 1979 ƙwayar cutar antaraks ta zubo daga wata masana'antar soja a Sverdlovsk ta Tarayyar Sobiyet, ta kashe fiye da mutum 60, alhali ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar haramta irin waɗannan makamai ta 1972. Yarjejeniyar har yau ba ta da masu zuwa dubawa, kuma ma'aikatan ofishinta na Geneva ba su kai goma ba. Inda gwamnatoci suka bar gurbi haka, nan gidauniyoyi ke shiga. Gidauniyar Sloan ta fara ba da tallafi a fannin a 2000, kafin wasiƙun antaraks na 2001 da suka kashe mutum 5 a Amurka, ta kashe kimanin dala miliyan 44 cikin shekara 10 a hannun wata masaniyar kimiyyar sinadarai, Paula Olsiewski, sannan ta rufe shirin.

Bayan 'yan shekaru sai Open Philanthropy ta ɗauka, wadda mafi yawan kuɗinta na Dustin Moskovitz ne da matarsa Cari Tuna. Shi Moskovitz yana cikin waɗanda suka kafa wannan Facebook da muke hira a kai. A 2017 ta ba cibiyar tsaron lafiya ta jami'ar Johns Hopkins dala miliyan 16, ta zama babbar mai ɗaukar nauyin fannin cikin masu zaman kansu. Da kuɗinta da na wasu aka fitar da wani ma'aunin shirin ƙasashe 195 a Oktoban 2019, wanda ya sa Amurka ta ɗaya, Birtaniya ta biyu. Bayan 'yan watanni korona ta zo, ta kashe fiye da mutum miliyan 1 a ƙasar da ta zo ta ɗayan. Ma'aunin ya ƙirga ɗakunan gwaji da dokoki, bai iya ƙirga ko shugaba zai saurari likitoci ba. A watan Oktoban dai aka yi atisayen nan na Event 201 a New York, inda aka ƙaddara ɓarkewar wata korona, shi ne har yau ake yawo da bidiyonsa a WhatsApp ana cewa ga hujja sun shirya. Ni ban ɗauke shi hujja ba. SARS ta fito a 2002, MERS a 2012, duka dangin korona ne, duk mai aikin ya san daga inda ake tsoro. Amma ku lura da tsaka mai wuyar da masu sana'ar ke ciki. In suka yi gargaɗi abin ya faru, a ce su suka kawo shi. In bai faru ba, a ce sun ɓarnatar da kuɗi. Annobar da aka hana ba ta da hoto.

Sai kuma haɗarin dogaro da aljihu ɗaya. A farkon 2022 Sam Bankman-Fried, mai kasuwar kuɗin kirifto ta FTX, ya buɗe asusun tallafi da ya yi alƙawuran miliyoyin daloli, har da na shirin annoba. A Nuwamban shekarar kamfanin ya durƙushe, jami'an asusun suka ajiye aiki, masu binciken da suka ɗauki ma'aikata bisa alƙawari suka wayi gari ba kuɗi, wasu ma aka nemi su mayar da wanda suka karɓa. Shi kuma aka yanke masa shekara 25 a 2024. A 2025 da gwamnatin Trump ta rushe USAID kuma ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, nauyin da ke kan waɗannan jami'ai ƙalilan ya ƙaru, don babu gidauniyar da za ta iya cike wannan gurbi.

Ga ƙannenmu masu karatun likitanci da kimiyya da lissafi, ku duba su wa suka riƙe kujerar nan a tarihi. Fasto, malamin falsafa, masaniyar sinadarai. Abin da ya haɗa su shi ne iya karatu mai yawa, iya tambaya, da iya rubuta hujja a taƙaice. Kuma namu sun shiga. Faisal Shu'aib bayan Ebola ya yi aikin babban jami'in shiri a gidauniyar Gates a Seattle kafin a ba shi hukumar lafiya a matakin farko a 2017. Dakta Mairo Mandara ta wakilci gidauniyar a Najeriya. Zouera Youssoufou, 'yar Nijar, ita ke tafiyar da gidauniyar Ɗangote. Farfesa Muhammad Ali Pate an zaɓe shi ya shugabanci Gavi, ƙawancen da ke sayo wa ƙasashe matalauta rigakafi, a 2023, ya bar kujerar ya dawo gida aka naɗa shi minista. Sai dai yawancin kyautar attajiranmu tana zuwa ne bayan gobara ta tashi. Mun ga CACOVID a 2020, biliyoyin naira, tantuna da shinkafa da taliya, mun kuma ga rumbunan da aka fasa a Oktoban shekarar. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma fafe shi tun da wuri sai da ma'aikacin da aikinsa ke nan kullum, wanda ake biya a shekarun da babu annoba.

Ku ɗauki zazzaɓin Lassa. A garin Lassa na Borno aka fara gane shi a 1969, sunan garinmu yake ɗauke da shi. Duk rani sai ya taso a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, kuma tun daga 2018 babu shekarar da alƙaluman hukumar NCDC ba su nuna ya kashe fiye da mutum 100 ba, cikinsu har da likitoci da ma'aikatan jinya. Sai a Janairun 2017, shekara 48 bayan gano shi, aka kafa CEPI a taron Davos da kuɗin Gates da Wellcome da gwamnatocin Nowe da Jamus da Japan, kuma masu ba ta shawara suka sa Lassa cikin cututtuka uku na farko da za a nema wa rigakafi, tare da MERS da Nipah. Hedikwatar CEPI tana Oslo. Da kuɗinta aka fara gwajin mataki na biyu na wata allurar Lassa a Abuja a 2024, kuma har yanzu da nake wannan rubutu babu rigakafin Lassa ko ɗaya da aka ba lasisi.